Zamanin Akurki da Kaskon Maɗaci

A ƙauyukan arewacin Kano inda muka tashi, gidan da ka shiga ba ka yi tuntuɓe da kaza ba, to ko dai na gwauro ne, ko kuwa annoba ce ba ta daɗe da share shi ba. Kaza dukiyar mata ce da yara. Maigida yana da shanun noma da jaki da rumbu, amma abin da ke tono a ƙarƙashin rumbun ba nasa ba ne. In baƙo ya sauka yana son a fita kunya, sai ya leƙa ɗaki ya nemi alfarma, wani lokacin ma sai ya biya kuɗinta lakadan kafin a miƙo masa ita. Yaro kuwa da kaza yake fara sanin mene ne mallaka. Gwaggo ko kaka za ta ba shi 'yar sagara ta ce ga jari nan, a lissafa masa yadda kaza za ta zama akuya, akuya ta zama saniya. Ban ga saniyar kowa ba a cikinmu, amma akuyoyi kam an samu.

Gidan da kansa kamar don kaza aka tsara shi. Duk aikin hatsi a tsakar gida ake yin sa: sussuka, surfe, bakace, daka, tankaɗe. Ba a yin ɗaya daga cikinsu ba tare da wani abu ya zube ƙasa ba, kuma duk abin da ya zube yana da masu jira. Dusa tasu ce, tsaki na 'yan tsaki ne, ƙasarin da aka wanke gero ana raba shi tsakaninsu da awaki, ƙanzon tukunya da guntun tuwon jiya in an jiƙa su ma nan suke ƙarewa. Sauran abincin su suke nemo abinsu a turken awaki da bola da bayan danga: fara, tsutsa, gara, ɗanyen haki. Da bazara, in rana ta take, ka neme su a gindin randa, sun lafe a ƙasa mai danshi, baki buɗe, fukafukai a sake. Akurki na laka ne, an gina shi jikin katanga ko a ƙarƙashin rumbu, ƙofarsa ba ta fi a zura hannu da kafaɗa ba, ana toshe ta da fasasshen turmi ko faifan dutse saboda muzuru da tunku. Akwai gidajen da ba su damu da akurki ba, kajinsu a kan bishiya suke kwana, kuma abin mamaki waɗannan sun fi ƙarancin ƙuma.

A gidanmu kakata ce likitar kaji, muna kiranta Iya. Ba ta san ko harafi ɗaya na boko ba, amma buɗe akurki da safe aiki ne da ba ta wakilta kowa. Takan janye murfin ta koma gefe da ƙoƙon tsaki a hannu, ta zuba ido. Wadda ta fara fitowa da wadda ta yi nawa, wadda ta fito ta miƙe ta karkaɗe jiki da wadda ta tsaya a bakin ƙofa ta takure, duk tana lura. In ta watsa tsaki kowa ya ruga ban da guda, wannan gudar ta shiga hannu ke nan. Sai ta ɗaga ta ta ji nauyinta, ta shafa ƙashin ƙirji ta ji ko ya yi kaifi, ta buɗe baki ta leƙa, ta hura gashin ƙarƙashin fiffike ta ga abin da ke yawo a fata, ta dubi zanko ko ja ne jawur ko ya koɗe. Daga nan ta durƙusa ta leƙa cikin akurkin ta karanta kashin da suka kwana suna yi. Fari ne tsararo, kore ne, ko da jini a ciki? Kowanne da abin da yake nufi a wurinta. Duk wannan bai fi a sha kunu a tashi ba, amma kullum ne, ba fashi.

Har wadda ke ƙwai da wadda ta daina tana ganewa da yatsu. Takan sa hannu a ƙasan jela, tsakanin ƙasusuwan nan biyu. In yatsu biyu ko uku sun shige, kaza tana kan aiki. In ɗaya ne da ƙyar, ta huta, kuma in hutun ya yi tsawo ita ce ta gaba in an yi baƙo. Da girmana na tarar masu manyan gonakin kaji da wannan gwajin suke tace waɗanda suka daina yi musu ƙwai.

Kazar Hausa ba mai yawan ƙwai ba ce, wannan kowa ya sani. Sai ta kai wajen wata 6 kafin ta fara kyarkyara tana neman gurbi, ta yi ƙwai 10 zuwa 15, sannan ta kwanta a kai kwana 21. In ta ƙyanƙyashe ta shafe wata biyu ko fiye tana jan 'ya'ya. A shekara ta yi haka kamar sau uku, ka ga duka-duka ƙwan bai wuce 30 zuwa 45 ba. Shi ya sa ƙwai bai zama abin soyawa da safe ba. Iri ne. Mu yara ma cewa ake yi duk wanda ya saba da cin ƙwai zai yi sata, kuma mun yarda, alhali dabara ce ta kare gurbi daga hannunmu. Da damina, lokacin da zabi ke zuba, Iya takan sayo ƙwan zabi ta sa wa kaza, don zabuwa ba ta iya reno ba. Da yake na zabi yakan kai kwana 26 zuwa 28, sai ta fara sa shi, bayan kamar mako guda ta ƙara na kaza, su fashe tare. Wanda ya ƙi fashewa bayan uwa ta tashi shi ne baragurbi, aikinmu ne mu kai shi bayan gari, kuma ba mu taɓa kai shi salin-alin ba sai mun nemi wanda za mu jefa.

Renon 'yan tsaki shi ne wahalar. Kaza mai 'ya'ya ita ke tsoron shirwa, in ji masu magana, amma a gidanmu har da mai kazar. Da inuwa ta gifta a tsakar gida za ka ji uwa ta yi wani irin ƙara, 'yan tsaki su ɓace ƙarƙashin rumbu, mata su ɗauki ihu da tafi, yara su bi da jifa. Wasu sukan shafa wa 'yan tsaki galura ja ko shuɗiya don shirwa ta kasa gane su. Iya ta fi yarda da kifa su a cikin babban kwando har su yi gashin fiffike, ana kai musu abinci har inda suke. Mu ne masu nemo gara. Da yamma mu cusa busasshen kashin shanu da karmami a tsohuwar tukunya, mu yayyafa ruwa, mu kife ta a bakin shuri. Da sassafe kafin rana ta yi zafi mu ɗauko, tukunya ta cika maƙil, a zazzage musu. Ɗan tsakon da ya samu gara daban yake da wanda ya tashi da tsaki zalla, ko a tafiya za ka gane. In kuwa ruwan sama ya doki ɗan tsako ya sanƙare, ko akuya ta taka shi ya suma, sai a kifa masa ƙwarya a riƙa kaɗa bayanta da yatsu. Sau da yawa in an ɗaga sai ka ga ya miƙe yana layi. Ko ƙarar ce ke tashinsa, ko da ma zai farfaɗo, mu dai ƙwarya muke yaba wa.

Inda maganin tsofaffi ya fi ci shi ne kan ƙwarin jiki. Ƙuma takan taru a gefen ido da zanko ta yi baƙi ƙirin, ta manne tana shan jini har kaza ta rame. Ƙwarƙwatar kaji tana cikin gashi. Akwai kuma wasu ƙananan ƙwari da ke ɓuya a tsagar bangon akurki da rana, su fito da dare, su ne ke sa mai kwanci ta gudu ta bar ƙwai ya huce. Iya takan tsoma gashin kaza a man ja ta shafe ƙumar, man ya toshe musu numfashi su zube. Ƙafar da ta yi kirci ta yi ɓawo-ɓawo, man gyaɗa da ɗigon kananzir ake murza mata. Akurki kuwa a share shi tas, a cusa ƙaiƙayi a kunna, hayaƙi da zafi su ratsa kowace tsaga, in ya huce a zuba toka. Gurbin mai kwanci ma toka ce a ƙasa, ganyen darbejiya a kai. Kuma ba a kwashe tokar murhu duka, ana barin tudu guda a gefe don kaji su yi birgima. Ban ga abin da likitan zamani zai kushe a nan ba, sai dai ya ja kunne kan kananzir, don in ya yi yawa yana ƙona fata, kusa da ido kuwa bai kamata ya je ba sam.

Ƙuraje na damina ne, lokacin sauro, kuma yanzu an tabbatar sauron ne ke yawo da cutar daga wannan kaza zuwa waccan. Su fito a zanko da gefen baki da fatar ido, har ido ya rufe. Babbar kaza takan warke da kanta cikin 'yan makonni in dai tana ganin abinci, saboda haka aikin shi ne a jiƙa ɓawon da ruwan ɗumi da gishiri, a shafa man kaɗanya, a buɗe mata ido, a ɗura mata kunu in ta kasa ci. In ƙurajen sun shiga cikin baki da maƙogwaro, nan kam sai addu'a. Wadda ƙwai ya maƙale mata kuma za ka gan ta tana shiga gurbi tana fita, tana tafiya a tsaye jela a ƙasa, tana yunƙuri ba komai. Sai a zaunar da ita a ruwan ɗumi, a shafa mata mai, a sa ta a ɗaki mai duhu. Mai yin ƙwai da ɓawo mai taushi, ko mai fasa nata tana sha, Iya takan gasa ɓawon ƙwai ta dake shi lukwi ta haɗa da dusa. Ta ce a gasa a dake don kada kaza ta gane ƙwai ne ta koyi ɓarna. Ba ta san sunan sinadarin da ke ciki ba, amma ta san abin da ya fita daga jiki shi ake mayarwa.

Aikinta da ya fi tsaya mini a rai na farkon damina ne. Lokacin shuka manoma sukan cuɗa iri da magani, kaji kuma ba su san iyakar gona ba. Wata maƙwabciyarmu ta shigo da sallama a gigice, rungume da kazarta mai wake-wake, kai ya langaɓe, yawu na zuba.

"Iya, ki taimaka, iri ta tono a gonar bayan gida."

"Tun yaushe, 'yar nan?"

"Yanzun nan yara suka koro ta."

Iya ta taɓa jakar abincin da ke ƙasan wuya ta ji ta cika tam. Ta dube ni. "Maigida, zo ka yi aikin maza. Riƙe ƙafafun nan da fukafukai, in ka saki na fasa auren."

Ta fige gashin wurin, ta ɗauko sabuwar reza, ta tsaga fata kaɗan, ta tsaga jakar. Da ɗan yatsa ta riƙa fito da dawa jajaye da magani har ta ƙare, ta ɗauraye ciki da ruwan ɗumi. Sannan ta zare allura da baƙin zare ta ɗinke jakar daban, fata daban, ta shafa man ja. Ta ce kada a ba ta tsaba sai bayan kwana uku, kunu kawai. Kazar nan ta rayu har ta yi wani kwancin. Ba kullum ake dacewa ba, in maganin ya riga ya wuce ƙundu ba abin da reza za ta yi. Ƙafar da ta karye ma haka ake ɗora ta da sillen kara da tsumma.

Sai hunturu. Da iska ta juyo daga gabas, hazo ya sauko, leɓe ya fara tsagewa, hankalin duk mai kaji ya tashi, don lokacin fakat ne. Labari yakan riga ta isowa: ta shiga unguwar gabas, gidan wane ba a bar ko ɗaya ba. Alamunta ba sa ɓuya. Kaza ta yi tsaye ta saki fukafukai har ƙasa, ido a lumshe, tana zawo fari ko kore, tana buɗe baki tana jan numfashi da ƙara. Wadda ta ɗan jima sai wuya ya murɗe, kai ya koma baya, ta riƙa juyawa wuri guda. Ka rufe akurki da kaji 20 da daddare, da safe ka janye murfi biyar su fito.

Iya ba ta zama ta zuba ido. Tun kafin sanyi ya kankama ta sa an saro mata ɓawon maɗaci, ta jiƙa a kaskon ruwansu har ya yi ja, ɗaci kamar me. Ta daka barkono da tafarnuwa ta zuba, wani lokaci da gautan kaji, wani lokaci da 'yar kanwa. Kowace tsohuwa a unguwa da nata haɗin, kuma kowacce ta rantse da nata. Gaskiyar magana, duk ƙaunar da nake yi wa kaskon nan, bai taɓa tsayar da fakat ba. Ƙwayar cutar bairos ce, Turawa suna kiranta da sunan Newcastle, garin Ingila inda aka gano ta a 1926, kuma har gobe ba ta da magani in ta kama, sai rigakafi. Kajin da suka tsira a gidanmu jininsu ne ya yi ƙarfi, ko sun taɓa haɗuwa da mai sauƙi a baya. Maɗaci ya samu yabo ne a bagas.

Abin da ya fi maɗacin amfani shi ne dokokinta, waɗanda a lokacin muke ɗauka tsabar fitina ce. Kazar da aka sayo a kasuwa ko aka kawo kyauta ba ta shiga cikin sauran, ɗaure ta ake a zaure ko bayan ɗaki sai an ga kamun ludayinta. Wadda ta mutu a binne ta da zurfi, ba a jefa wa kare. Gashi da kayan cikin wadda aka yanka ba a zubar da su inda kaji ke tono. Amma gari ba gidan mutum ɗaya ba ne. Da annoba ta shigo, kowa sai ya kwashi nasa ya yi kasuwa da su kafin su mutu a hannunsa, kaza ta yi arha, mai son banza ya saya ya kai ƙauyensu, cuta ta samu abin hawa. Sauran kuma wuƙa. Mu yara, Allah ya yafe mana, lokacin fakat ne muke cin nama har mu ture.

Rigakafin kuwa yana nan tun da daɗewa. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi da ke Vom a Jihar Filato, wadda ke wurin tun 1924, tana yin sa. Sai dai malamin dabbobi na wancan zamani shanu yake bi, ba wanda zai tuƙo babur zuwa ƙauye saboda kaji bakwai na wata tsohuwa. Da aka shiga shekarun shirin ciyar da ƙasa na Operation Feed the Nation, wanda gwamnatin Obasanjo ta ƙaddamar a 1976, ma'aikata da malaman makaranta suka fara kafa keji a bayan gida, kajin turawa suka shigo, jajaye masu ƙwai kusan kullum, ba kwanci ba reno. Daga baya cibiyar Shika ta Jami'ar Ahmadu Bello ta fitar da ShikaBrown wadda ta fi jure yanayinmu. Irin waɗannan sukan fara ƙwai a mako 18 zuwa 20, su yi kusan 300 a shekara. Amma da sharaɗi: abincin buhu, ruwa mai tsabta, rigakafin Gumboro da Lasota a kan lokaci. Ka yi sakaci kaɗan su fara tsattsage junansu, ko mahaifa ta fito wa mai ƙwai, ko su daina yi gaba ɗaya. Tare da su ne kafso ja da yalo ya shigo kaskon kaji ya kori maɗaci. A ganina wannan canji ba ci gaba ba ne. Kafson ma ba ya kashe bairos, ga shi ana ɗura shi ba awo, ana cin ƙwan da maganin bai gama fita daga ciki ba. Maɗaci ko ba komai kyauta ne, kuma bai bar wa kowa saura a ƙwai ba.

Murar tsuntsaye ta 2006, wadda aka fara tabbatarwa a wata gona a Jaji ta Jihar Kaduna a watan Fabrairu kafin ta bayyana a Kano da Magarya ta Nijar, ita ta sa mutane da yawa suka fara kallon kaza a matsayin abin tsoro a cikin gida. Amma ba ita ta kori kaji daga tsakar gida ba. Injin niƙa ne ya ɗauke turmi, buhu ya maye gurbin rumbu, siminti da tayil suka rufe ƙasar tono, gidan haya ya zo da maƙwabcin da ba ya son kashin kaza a ƙofar ɗakinsa. Bolar da a da take cike da ƙaiƙayi da tsutsa yanzu leda ce da roba. Durgu mai gajerun ƙafafu da fingi da shazumama, waɗanda kowane yaro ya san su da suna, sai ka yi yawo kafin ka ga guda. Ƙwai kam ya wadata, kiret-kiret a kan teburin kowane mai shayi, yara suna ci ba wanda ya zama ɓarawo saboda shi, kuma wannan alheri ne babba.

Duk da haka a ƙauye, da ma gefen birni, mata suna nan suna kiwon 'yan kajinsu, kuma fakat tana nan tana zuwa duk hunturu kamar mai karɓar haraji. Abin da ya gagari su Iya yanzu ya zo da sauƙi. Akwai rigakafin I-2 mai jure zafi, wanda ake ɗiga wa kaza ɗigo ɗaya a ido duk bayan wata huɗu, akwai Lasota da ake sawa a ruwan sha. Cikas ɗin shi ne kwalba guda ta kaji masu yawa ce, 100 ko 200, in an haɗa ta kuma ba ta daɗewa take lalacewa. Mai kaji goma ba za ta saya ita kaɗai ba. Matan unguwa da suka iya haɗa adashi ba za su kasa haɗa kuɗin kwalba ɗaya ba. A nemi malamin dabbobi tun kaka, kafin iska ta juyo, a sa rana guda, kowa ya hana kajinsa fita da safe, a bi gida-gida. A yi wa masu lafiya kawai, wadda ta riga ta saki fiffike a ware ta daban.